Koronar Maruƙa

Maraƙi na huɗu ke nan da ya kwanta a garken Bakari cikin kakar nan, shi ya sa ya aika a kira ɗiyarsa. Safina ta taso daga Agiye da sassafe, ta shiga taksin Maradi, a hanya ta sauka ta hau kabu-kabu zuwa gonakin bayan Sae Sabuwa, inda iyayenta kan sauka duk shekara in an gama girbi, shanu su ci kara, masu gona su samu taki. Kafin ta iso rana ta take, bayanta ya yi tsami saboda girgizar babur cikin rairayi.

Ta tarar da mahaifinta tsugune bakin dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa. Wani jan maraƙi na kwance gabansa, idanu sun faɗa, cinyoyinsa jagab da zawo. Uwar tana tsaye nesa kaɗan tana kuka ƙasa-ƙasa.

Bakari bai taɓa kiran sunan Safina ba, don ita ce ɗiyar fari. Tun da ta gama karatun likitancin dabbobi aka ba ta aiki a buro, ofishin kiwo na Agiye, sai ya samu mafita, yake ce mata Likita.

"Likita, kin iso? Ga shi nan, duba."

Ta tsuguna ta ja fatar wuyan maraƙin ta saki, fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Ruwan jikinsa ya ƙare. Ta sa mahaifiyarta ta tafasa ruwa, ta haɗa da gishiri da sukari, ta riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan. Sannan ta ciro ɗan tsinken gwaji daga jakarta, cikin 'yan kaɗan da suka rage mata, ta taɓa zawon ta jira. Ba a jima ba jan layi ya fito.

Da Fillanci suke magana a gida, amma in zance ya zo kan aikinta sai ta koma Hausa, don da Hausa ta saba yi wa mutane bayani a buro.

"Baba, korona ce."

Ya ɗago ya dube ta. "Korona? Wadda ta sa aka rufe masallatai?"

"Danginta ce. Waccan ta mutane, wannan ta shanu, kuma ta daɗe a duniya. Hanjin maraƙi take kamawa."

"To a yi musu allura mana."

Safina ta share hannunta da ƙasa. Ta gaya masa cewa akwai allurar rigakafin a ƙasashen Turawa, saniya mai ciki ake yi wa, ta ba maraƙi kariya ta cikin dakashi, nonon farko. Amma ba ta zuwa nan, tana son sanyi daga inda aka yi ta har zuwa jikin saniya, kuma ba wanda ya taɓa duba ko ta dace da irin ƙwayar da ke yawo a ƙasar nan. Ta ce a kan wannan ne ma take karatu yanzu, da wata jami'a ta Dakar, daga nesa, ta cikin kwamfuta.

"Cikin akwatin nan da kike ratayawa?"

"Cikinsa."

"Ba saniya a ciki, ba maraƙi."

"Babu, Baba. Amma rubutun ƙwayar cutar yana ciki. In ɓarawo ya sace maka saniya, zai iya canza mata igiya, ya fere ƙaho, ya shafa mata laka. Kai kuma ka san tsagar kunnenta, ko a kasuwar wane gari ka gane ta. Ita ma ƙwayar tana canza kama. Ina neman inda ba ta iya canzawa, a nuna wa jinin saniya wurin, in ta zo ya gane ta."

Bakari ya gyaɗa kai, ya ce Allah Ya taimaka. Maraƙin ya mutu kafin la'asar.

Duk ranin da ya biyo baya Safina ta yi shi ne tana tattara zawon maruƙa cikin ƙananan kwalabe, daga garken mahaifinta, da rugagen wajen Cadakori, da na kan hanyar Gazawa. Malaminta, Malam Abdulaziz, mutumin Damagaram ne da ya daɗe yana koyarwa a Dakar, ya ce ta aika da su can a karanta rubutun ƙwayar. Ta kai kwalaben Yamai da kanta cikin kula mai ƙanƙara, aka sa su a firji suna jiran jirgi. Suna cikin jira aka yi juyin mulki. Aka rufe iyakoki, jirage suka tsaya, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta ɗauke.

Malam Abdulaziz ya kira ta ya ce kada ta zauna. "Akwai rubutun koronar shanu na ƙasashe da yawa a intanet, kowa na iya ɗauka. Ki fara da su kafin naki su iso."

Aikin ba mai wuyar faɗa ba ne. Ƙwayar tana da ƙayoyi a bayanta, da su take maƙale wa hanji. Kwamfuta za ta yanka rubutun ƙayar nan gutsure-gutsure, ta bi su ɗaya bayan ɗaya: wanne ne iri ɗaya a ƙwayar kowace ƙasa, wanne ne ke waje inda jini zai gan shi, wanne jinin saniya zai iya kamawa da kyau. Wanda ya yi kama da naman saniyar kanta a jefar da shi, kada allura ta sa jiki ya yaƙi kansa. Abin da ya rage bayan tankaɗe shi ake nema.

Wuyar tana ga yin sa. Safina ba ta bar aikin buro ba. Ranar kasuwa tana mahauta tun da asuba tana duba nama. Sauran ranaku tana ƙauyuka, ana yi wa awaki allura, ko ana rabon faɗa tsakanin mai jaki da wanda ya sayar masa da shi da gurgunta. In ta dawo ga Ihsan, ɗiyarta da ba a daɗe da yayewa ba, tana jiran a goya ta. Kuran kuwa, wutar lantarki, sai ya ga dama yake zuwa, ya leƙo kamar mai gaisuwar mutuwa, ya tafi.

Mijinta Garzali mushe ne, wato malamin makaranta, a lakol ɗin firamare, ɗan Tibiri, mutum mai sanyin magana. Lakol ɗinsu na da pano mai ɗaukar wuta daga hasken rana a kan rufi, sai ya riƙa tafiya da kwamfutar da safe cikin jakar littattafansa, ya sa ta caji a ofishin direkta, ya dawo da ita da azahar. Daga nan Safina ke da ita har batir ya mutu. Takan zauna a zaure, inda rezon intanet ya fi kamawa, ta tura gutsuren rubutu zuwa manyan kwamfutocin ƙasashen waje, ta zuba wa allon ido. Sau da yawa abu zai kai kusan ƙarshe rezo ya yanke, ta sake daga farko. Akwai ranar da ta yi barci a zaune, ta farka ta tarar Ihsan ta danna maɓallai da hannu mai kunu, aikin mako guda ya goge. Ba ta daki yarinyar ba. Ta ɗauke ta ta wanke mata hannu, ta zauna bakin murhu har Garzali ya shigo ya tambaye ta ko wani ya rasu.

"Ki huta kwana biyu," ya ce da ya ji. "Ƙwayar ba za ta gudu ba."

"Ai shi ne abin. Ba ta gudu ba, tana can cikin garke."

Haka damina ta wuce, kaka ta wuce. Cikin sanyi, wata ranar Lahadi da hantsi, tankaɗen ya ƙare. Daga dubban gutsure aka dawo 'yan kaɗan, cikinsu ɗaya ya fi kowanne: yana kan bakin ƙayar, a fili, kuma iri ɗaya ne a ƙwayar duk ƙasashen da ta duba. Kwamfutar ta zana mata shi da launi, ɗan ja a jikin abu mai kama da tushen dawa. Ta tura wa Malam Abdulaziz, ya amsa da murya cewa ya yi kyau ƙwarai.

Murna ta sa ta kira mahaifinta a wayar ƙanensa Jaye. Tana jin muryarsa ta ce, "Baba, na samu! Na samu wurin." Rezo na yankewa, iska na kaɗawa a can, bai ji sauran bayanin ba. Ya ce alhamdulillahi har sau uku.

Ranar kasuwar Agiye mai zuwa, ta dawo daga mahauta takalmanta duk jini, ta tarar da mutane zaune a inuwar itacen bedi ta ƙofar buro, sanduna a jingine, malafu a gwiwa. Makiyaya ne sun fi goma. Jaye ya taso da fara'a.

"Ɗiyata, ga mu mun zo. Bakari ya ce kin samo allurar zawon maruƙa. Waɗannan daga Cadakori suke, wancan tsohon tun daga bayan Gidan Rumji ya taso. Mu dai a fara da mu."

Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo ruwa, sannan ta tsuguna gabansu.

"Bappa, babu allura. Abin da na samu wurin da za a yi allurar a kansa ne, shi ma cikin kwamfuta. Sai an gwada a ɗakin bincike, sannan a gwada a jikin dabba, sannan a samu masu yin ta."

"To yaushe ke nan? Kafin damina?"

"Ba bana ba. Ba baɗi ba."

Tsohon da ya zo daga bayan Gidan Rumji ya tambayi na kusa da shi abin da ta ce, aka maimaita masa da Fillanci. Ya dube ta ba tare da fushi ba, ya ce, "Na bar shanu hannun mata na zo." Ya ɗauki sandarsa.

Ta roƙe su su ɗan tsaya. Ta nuna musu yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ta ce su tabbata maraƙi ya sha dakashi tun ranar haihuwa, su raba mai zawo da masu lafiya, su riƙa matsar da dangwali daga wurin da ya ɓaci. Suka saurara saboda kunya, wasu ma sun san abin tuntuni. Suka watse cikin kasuwa. Jaye ne ya rage, yana kaɗa sanda a ƙasa.

"Kin san abin da za a ce da ubanki a mashaya."

"Na sani, Bappa."

Ta kira a yammacin nan, aka ce Bakari ya tafi kiwo. Ta sake kira washegari, aka ce yana salla. Ta bar kira.

Da bazara aka buɗe hanyar jirage, kwalaben suka isa Dakar. Rabinsu sun lalace saboda ɗaukewar wuta, amma an samu karanta sauran. Sakamakon ya iso mata tana buro, ranar da zafi ya hana kowa motsi, ga hadari ya haɗu ya ƙi zuba. Ta jera rubutun ƙwayar ƙasarsu ƙarƙashin na sauran ƙasashe, haruffa bisa haruffa, ta gangara zuwa wurin da ta samu. A nan layin ya karye. Ƙwayar garken mahaifinta, da ta Cadakori, da ta hanyar Gazawa, duk sun canza a daidai gutsuren da ta zaɓa. Allurar da za a yi a kansa za ta iya kare saniya a wata ƙasa, amma ba a nan ba.

Ta sake dubawa ko ita ce ta yi kuskuren jerawa. Ba ta yi ba. Ta rufe kwamfutar, ta kifa kai a kan tebur. A waje wani yana jiran ta duba masa tunkiya mai kumburin ciki, ta ji yana tambayar mai gadi ko madam tana nan. Ta tashi ta je ta duba tunkiyar.

Malam Abdulaziz ya kira da yamma. Ta ce masa ta gaji.

"Na sani. Amma gara da muka gani yanzu, kafin a kai shi ɗakin gwaji. Kuma akwai wata magana, Safina, tun da za a sake. Na'urar da ke gaya miki jinin saniya zai kama wannan ko ba zai kama ba, da shanun Turai aka koya mata. Jajayen shanunku ba ta san su ba. In muna son abin ya tsaya da ƙafarsa, sai kin ɗebo mana jininsu mun karanta."

"Jinin shanun wa, Malam? Wa zai ba ni yanzu?"

Ya ce ta yi tunani, ba ya matsa mata.

Ta yi wata guda ba ta buɗe kwamfutar ba. Garzali ya ci gaba da kai ta lakol yana dawowa da ita cike da caji, ya ajiye ta kan akwati. Wata rana suna cin tuwo ta ce masa za ta rubuta wa jami'ar ta ce ta bari.

"In kin bari ba wanda zai ga laifinki," ya ce. "Amma ki je ki ga Baba tukuna. Ko ba don karatu ba. An daɗe."

Sai da aka yi girbi garken ya dawo gonakin Sae Sabuwa sannan ta tafi, da kular ƙanƙara da allurai a jaka, ba ta san ko za ta buɗe su ba. Mahaifiyarta ta tarbe ta da ƙwaryar nono, tana yi mata faɗan ta rame. Bakari na bakin dangwali. Igiyar ta yi tsawo ga maruƙan da ke jikinta, madaukai da yawa ba kowa. Ya amsa gaisuwarta da jam, wato lafiya da Fillanci, ya tambayi mijinta da yarinya, bai dube ta ba.

Akwai wata maraƙa kwance gefe, an ware ta ƙarƙashin kalgo, kusa da ita ga buta da ragowar ruwan gishiri. Safina ta ajiye jaka ta zauna wurinta. Ta yini tana ɗura mata ruwan, tana juya ta, tana kore ƙuda. Da la'asar maraƙar ta ɗaga kai har ta nemi tashi, mahaifiyar Safina ta ce an samu sauƙi. Kafin shanu su dawo daga kiwo maraƙar ta miƙe ƙafafu ta mutu.

Bakari ya zo ya tsaya a kansu. Ya daɗe, sannan ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan da ɗiyarsa.

"A mashaya yanzu in na iso sai a ce ga uban allura."

"Laifina ne, Baba. Na yi gaggawar magana."

"Ni na yi gaggawa. Ke kin faɗa wa mutum ɗaya, ni na faɗa wa kasuwa." Ya tsinki ciyawa ya sa a baki. "To wurin da kika samu, yana nan?"

"Babu shi. Ƙwayar garkenka ta canza a wurin. Sai na sake daga farko."

Ya yi wata gajeriyar dariya mara daɗi. "Ashe ta iya yanke kunnen."

Ta gaya masa maganar jinin. Ta ce kaɗan za ta ɗiba, daga jijiyar wuya, ba zai rage wa saniya komai ba.

"In na ba ki, yaushe allurar za ta zo?"

Safina ta dubi gawar maraƙar. Ta ji ba ta da ƙarfin yi wa magana ado.

"Ban sani ba. Watakila shekara goma. Watakila ba ka gan ta ba, Baba. Watakila ma a gwada a ga ba ta yi ba, shi ke nan."

"To don mi kike wahala?"

"Na riga na fara. Kuma in ban duba na shanunmu ba, ban ga wanda zai duba ba."

Ya tashi ya kira Jaye suka ja gawar zuwa bayan gona.

Da safe tana alwala ta ji muryarsa yana kiran shanu da sunayensu. Da ta fito ta tarar ya hana a sake su kiwo. Ya riƙe ƙahon wata babbar jar saniya, ya karkata mata wuya a kan cinyarsa, yana yi mata magana a kunne.

"Zo ki ɗiba kafin rana ta yi zafi. Wannan uwar garke ce, kakarta ma a hannuna aka haife ta. Ki yi a hankali, ba ta son baƙo."

A ta farko sai da Safina ta soka sau biyu. Jaye ya riƙe ƙafafun baya yana gunaguni cewa nono zai ragu, amma da aka gama da na Bakari ya kawo nasa guda biyar. Wani maƙwabcinsu da ya zo kallo ya ce shi kam a'a, ba a taɓa jinin shanunsa. Ba ta roƙe shi ba. Ta rufe kula ta ɗaura a bayan kabu-kabu, mahaifiyarta ta cusa mata ƙullin man shanu a jaka.

Bincike na biyu ya fi na farko cin rai, don yanzu ta san abin da ke iya faruwa. Wuta ta ɗan gyaru, amma an ƙara mata ƙauyuka saboda abokin aikinta ya yi ritaya ba a kawo wani ba. Ta sake yanka ƙayar, ta sake tankaɗewa, wannan karon da rubutun ƙwayar ƙasarsu a ciki da na jinin jajayen shanu. Gutsuren bakin ƙayar duk suka zube. Abin da ya rage yana can ƙasa, kusa da gindinta, wuraren da ƙwayar ba ta iya taɓawa don da su take huda hanji. Guda uku ne, ba wanda ya yi kyan na farko a allo. Da ta gan su ba ta kira kowa ba. Ta tura wa malaminta, ta tashi ta ɗora sanwa.

A Dakar aka haɗa gutsuren uku aka zuba su kan ƙwayoyin jinin shanu a cikin faranti. Biyu ba su motsa komai ba. Na ukun ya tayar da jinin, ba sosai ba, amma ya tayar, kuma da aka maimaita ya sake. Malam Abdulaziz ya ce wannan ya isa digiri, ya isa a buga a mujallar masana. Gwaji a jikin saniya mai rai kuwa sai an samu masu ɗaukar nauyi, kuma a halin da ake ciki bai ga alamarsu ba.

Kafin nan Bakari ya riga ya bar ƙasar Sae Sabuwa. Gonaki sun cinye burtali, masu gona sun fara kwashe karansu suna sayarwa maimakon su bar wa shanu, shi da Jaye suka kora abin da ya rage suka yi arewa, wajen Dakoro. Safina ta same shi a waya ta gaya masa yadda aka yi, a hankali, ba ƙari. Ta maimaita cewa har yanzu babu allura.

"Na ji," ya ce. "Ɗaya cikin uku. To madalla." Ya ce maruƙan bana bakwai ne, biyu sun tafi, biyar na tsaye. Ya ce gwiwarsa na damunsa, in za ta aiko da saƙo ta haɗa da man zafi.

Ranar kare digirin ba ta je Dakar ba. A ofishin direktan lakol ɗin Garzali ta zauna, gaban kwamfuta, malamai na can cikin allo suna yi mata tambayoyi da Faransanci, yara na leƙe ta taga ana kora su. Wani malami ya matsa mata kan ƙarancin kwalabenta, ta gaya masa yadda rabinsu suka lalace, ya rubuta wani abu bai ƙara magana ba. Bayan azahar suka ce ta ci.

Da suka koma gida suka tarar Delu, mahaifiyar Garzali, ta iso daga Tibiri da kaji biyu da ƙullin yaji. Ta tara matan maƙwabta, an yi shinkafa, tsakar gida cike da hayaƙi da surutu. Delu ta rangaɗa guɗa, ta kama hannun surukarta ta zaunar da ita kan tabarma jikin bango, ta tura mata kwano gabanta.

"Ci, ɗiyata. Yau ba ki taɓa komai a gidan nan."

Wata maƙwabciya ta matso tana tambaya ko yanzu za a mayar da ita Yamai, wata kuma na son a duba mata akuya gobe. Safina ta ce to, gobe da safe. Ta kai loma biyu. Da Delu ta juyo da romo a ludayi ta tarar kan Safina ya jingina da bango, idanunta a rufe, hannunta na cikin kwanon. Ta zare hannun a hankali ta goge shi da gefen zanenta, ta rufe abincin da faifai, ta yi wa matan alama su koma zaure da hirarsu.